Amalanken da Na Ƙera a Gaɓar Teku Mai Yaji

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya daidaita wani sashenta kamar tabarma, Ya karkata wani sashen kamar bayan raƙumi, Ya bar bayinSa su gane bambancin da ƙafafunsu. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ku gyara zama, mai abin taunawa ya tauna a hankali, domin zan ba ku labarin yadda na fita neman ilimi, na ɓige da tseren ƙafa da abin da na ƙera da hannuna.

Sunana Hansai, 'yar masassaƙi, daga ƙasar Shimfiɗau. Ƙasarmu a miƙe take ɗoɗar, ba tudu ba kwari. In ka ajiye ƙwai a ƙofar gida ka tafi fatauci, muddin kare bai gan shi ba, nan za ka dawo ka same shi. Na yi karatu gwargwado, na iya awo da lissafi, na kuma koyi sassaƙa wurin mahaifina. Sai dai akwai wani hali da ban gada wurin kowa ba: ba na iya fara aiki sai na gama shirya wurin aikin. An yi ranar da na tashi gyara ƙafar kujera, rana ta faɗi ina jera ƙusoshi daga babba zuwa ƙarama. Da na haura arba'in, 'ya'ya suka kama gabansu, sai na ji labarin Birnin Ma'auna, can hayin teku, inda aka ce malamansa suna auna iska da mudu, suna auna tsawon sauti da igiya. Na ce lalle can ne garinmu, haihuwa ce kawai ta yi ɓatan kai da ni. Na ɗaure kayan aikina na kama hanya.

Na keta dazuzzuka, na haura duwatsu, har na iso wani gari da ake kira Gaɓar Jira. Garin ba shi da ɗaki ko ɗaya. Gidajensa duk jiragen ruwa ne manya-manya, a zaune bisa rairayi, an tokare su da itatuwa, ana hawansu da tsani. Na tambayi inda teku take, aka nuna mini wani busasshen fili da ido ba ya ganin ƙarshensa. Aka ce ta yi yaji. Haka take yi kowace shekara, ta kwashe ruwanta ta tafi ba wanda ya yi mata laifi, ta kuma dawo ba wanda ya je biko. Amma in za ta dawo, a guje take zuwa, ta ɗaga garin gaba ɗaya, kowa ya tashi da gidansa.

Ina tsaye ina mamaki, igiyar takalmina ta kwance. Na ajiye gudumata a ƙasa na sunkuya. Kafin in ɗago, gudumar ta nutse cikin rairayi kamar an jefa ta a kunu. Na tona, na tona, babu ita babu alamarta. Sai na ji dariya daga sama. Wata tsohuwa ce ta leƙo daga bakin wani jirgi, da goro a kumatu.

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, baƙuwa! Kin ciyar da ita? Ta gode, da ma yau ba ta karya ba. Ƙasar nan ƙarfe take ci, ba a gaya miki ba?"

A lokacin na lura kowa a garin yana tafiya yana ƙara kamar jakin mai tallan kwanoni, domin duk ƙarfen da mutum zai yi aiki da shi a jikinsa yake rataye shi.

Tsohuwar nan ita ce Gwaggo Yelwa. Da ta ji ni masassaƙiya ce, sai ta sauko ta ja ni gefen jirginta, ta nuna mini wani wuri da katako ya ruɓe, faɗinsa bai wuce faifai ba.

Ta ce, "Tun da maigidan ya rasu ba wanda ya taɓa shi. Hannuna rawa yake, bakina kaɗai ya rage da ƙarfi. In ruwa ya zo jirgin nan bai tashi ba, gidana ya tafi ke nan, da gadona da tukwanena. Sai in koma jirgin ƙanen mijina in riƙa kwana da awakinsa, shi kuwa ko gaisuwa ba ma yi. Ki toshe mini shi, 'yar nan, ni kuma in ruwa ya zo in kai ki garin naki na masu auna iska."

Na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Wannan aikin yini ɗaya ne."

Na fara da cire ruɓaɓɓen katako. Da na cire shi, sai na ga na kusa da shi bai kwanta mini a rai ba, na cire. Na kusa da wannan kuwa lafiyarsa ƙalau, amma ya daɗe yana maƙwabtaka da mara lafiya, shi ma na cire. Kafin a jima, ramin da yake kamar faifai ya zama ƙofa. Gwaggo ta ji daɗi, ta ce ta huta da hawan tsani. Muka jingina wani faffaɗan katako daga ƙasa zuwa bakin ramin, muna shiga muna fita abinmu.

Matsalar ita ce kayan aiki. Na rataya su a jiki yadda 'yan garin ke yi. Nauyinsu ya riƙa jan zanena ƙasa, zarto yana kartar cinyata, gizago yana dukan gwiwata, ƙusoshi cike da bakina. Akwai ɗaya da har yau ban san inda ta shiga ba. In ina neman magagari sai in laluba jikina kaf, in same shi a gadon baya. Ranar da kurfina na sassaƙa ya suɓuce ƙasa ta lanƙwame shi ina kallo, na zauna na ce wannan ba tsari ba ne. Zan ƙera amalanke na kayan aiki, mai ƙafafu, wanda zai riƙa bina duk inda na zagaya a jikin jirgi.

Gwaggo ta ce, "Ramin fa?"

Na ce, "Ai saboda ramin ne. In na gama wannan, aikin zai yi sauri."

Na ɗauki katakan nan da na cire, masu lafiyar, na auna su na sake aunawa. Na yi wa amalanken hawa-hawa, na yi masa aljihuna a gefe da gefe masu zuƙowa. Cikin kowane aljihu na sassaƙa wa kowane ƙarfe makwanci daidai siffarsa, yadda ko a duhu ka miƙa hannu za ka san wanda ka taɓa. Ban sa ƙusa ko ɗaya a ƙasansa ba, da turakun itace na haɗa shi, don kada ƙasa ta ji ƙanshin ƙarfe. Ƙafafun ne suka ba ni wuya, domin a garin ba a san abu mai gangarawa ba. Sai na tsinci ƙasusuwan bayan wani ƙaton kifi a bakin gaɓa, kewayayyu sumul, kowane da hudarsa a tsakiya. Na zura musu sandar ƙirya, na shafe su da man kifi. Na kaɗa ɗaya da yatsa, na tafi na ci tuwo na dawo, na tarar tana juyawa. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Da farko Gwaggo tana mita. Amma ranar da ta ga aljihu ya zuƙo ya koma ba ƙara, sai ta matso kusa.

Ta ce, "Wuƙaƙena za su samu wuri?"

Na yi musu wuri. Ta kawo almakashi, ta kawo allurai da basilla, ta kawo ludayin ƙarfe. Ta ce a yi wa goronta ɗan ɗaki a sama. Ta ce a shafa masa ja da shuɗi yadda maƙwabta za su gani idonsu ya yi ciwo. Muka duƙufa ni da ita. Tsuntsayen ruwa suka fara dawowa, iska ta fara kawo ƙanshin gishiri, maƙwabta suna ta shafa kwalta a jiragensu, mu muna gardama a kan launin mariƙi. In na waiwayi ramin gabana ya faɗi, sai Gwaggo ta ce, "Ke dai ci gaba. Jatau bai busa ƙaho ba." Baba Jatau shi ne mai gadin ruwa. Can nesa cikin busasshiyar teku yake zama, in ya hango teku ta taso sai ya busa, gari ya hau jirage.

Da amalanke ya kammala, muka jera komai a ciki, nawa da nata, ba mu bar ko allura a waje ba. Gwaggo ta gayyaci gari. Muka fito da shi gaban ramin, na tsaya ina bayani, ina zuƙo aljihu ina mayarwa, kaina yana ta kumbura.

Ashe mutanen Gaɓar Jira suna da wata al'ada. Duk abin da aka ƙera sabo da katako, sai an yi masa turin albarka: kowa ya ɗora hannu, a tura shi wajen teku. Da yake jirage suka saba turawa, kuma jirgi a kan rairayi ko gari duka ya taru ba ya matsawa, sai kowa ya zage iya ƙarfinsa, don a ga ba ya baƙin ciki da mai abin. Ina tsakiyar bayanin inda magagari ke kwana, sai na ga hannuwa sun rufe amalanken. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "Albarka!"

Amalanke ya fita kamar kibiya. Rabin garin suka kifa da fuska a rairayi.

Na yi murmushi irin na masana, na ce, "Ku kwantar da hankalinku, yanzu zai tsaya."

A ƙasarmu duk abin da aka tura yakan gaji. Ban taɓa lura ba cewa tun daga ƙofar garin nan har cibiyar teku gangare ne. Muna kallo ya zama kamar akwati, ya zama kamar ƙwarya, ya zama ɗigo ja da shuɗi, ya ɓace.

Gwaggo ta juyo a hankali. "'Yar nan, ina abin tsayar da shi?"

Na ce, "Wane abu?"

Ba mai ba mu aron ko guduma, kowa yana fama da nasa jirgin. Muka ɗauki gorar ruwa ɗaya, muka bi sawun ƙafafun amalanken, layi biyu a miƙe cikin busasshiyar teku.

Mun ga abubuwan al'ajabi a hanya. Mun wuce itatuwan gishiri masu rassa farare, in iska ta taɓa su sai su yi kuka kamar ƙararrawa. Mun bi ta cikin haƙarƙarin wani kifi, muka shiga da hantsi, ba mu fita ba sai da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Daga nan muka iso wani fili na busasshen taɓo, cike da ramuka kamar bakin tulu. Gwaggo ta riƙe hannuna.

Ta yi ƙasa da murya. "Kifayen gaiwa ne a ciki, kowace ta kai girman kwalekwale. Barci suke sai ruwa ya zo. Ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa, sun farka. Kada ki yi tofi, kada ki yi kuka, kada ki yi gumi."

Na ce, "Gwaggo, gumi ai ba shawara yake yi da ni ba."

Muka naɗe goshi da wuya da ɗankwali, muka shiga muna sanɗa. Ni da tsari, sai na tsaya a tsakiyar fili in duba ko bakin gorar a toshe yake da kyau. Na ciro marfin in gyara shi. Ɗigo ya faɗi.

Ƙasa ta tsage. Wani kai ya fito, baƙi, mai santsi, da baki kamar ƙofar rumbu. Na kusa da shi ya fito, na gaba ma ya fito. Gwaggo ta fara salati tana haɗawa da zagina. Ban san lokacin da na wulwula gorar na jefa ta can gefe da nisa ba. Ta fashe, ruwa ya watsu, kifayen nan duka suka juya suka yi kanta suna ture juna. Muka zura da gudu. Ban taɓa sanin tsohuwa tana gudu haka ba, sai da ta tsaya jirana.

Ta ce, tana haki, "Dabara ta yi kyau. Yanzu me za mu sha?"

Da maƙogwaro a bushe muka kai ƙarshen gangare. Can muka hango amalanke ya tsaya cikin wani tudun ciyawar ruwa, ko ƙwarzane babu. A samansa wani dogon tsoho ya miƙe yana sharar barci, munsharinsa har yana kaɗa ciyawa. Wani ƙaton ƙaho na tagulla yana kwance a gefensa bisa amalanken.

Gwaggo ta daka masa duka a tafin ƙafa. "Jatau! Kai, mataccen mai gadi! Gari ya ba ka amana kana nan kana shan iska?" Ashe taubashinta ne.

Ya buɗe ido ɗaya. "Yelwa, ke ce ko mugun mafarki? Ki bar ni. Tun ina da baƙin gashi ƙahon nan ke rataye a wuyana. In na kwanta zai taɓa ƙasa ta cinye shi, a tsaye nake barci jingine da doguwar sandar gora kamar zalɓe. Yau Allah Ya dube ni, Ya turo mini gado har inda nake, da goro a ciki."

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba gado ba ne. Amalanken kayan aiki ne, ni na ƙera shi."

Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata, kin iya gado. Ba zan sauka ba."

Muna cikin haka, iska ta buso mai sanyi, ta fizge ɗankwalina. Na ɗaga kai. Can ƙarshen duniya na ga wani farin layi daga wannan gefe zuwa wancan, yana kauri, ƙasa tana rawa a ƙarƙashinmu. Teku ta huce.

Baba Jatau ya diro ya rarumi ƙaho. Ya busa, amma ya makara, shi ma ya sani. Gudu ba zai fisshe mu ba, tura amalanke a kan tudu kuwa ko a mafarki. Iska tana ta ƙaruwa, mayafin Gwaggo ya kumbura ya kusa ɗaga ta sama. A nan ne karatuna ya yi mini rana sau ɗaya a tafiyar nan. Na fizgi gorar da Baba ke jingina, na kafa ta tsakanin mariƙin amalanke na ɗaure tam. Na ce Gwaggo ta ba ni mayafinta.

Ta ce, "A gaban wannan tsohon banzan?"

Baba ya ce, "Wa zai kalle ki? Ba ta!"

Muka juya amalanken, muka saka ƙafafunsa cikin sawun da ya bari, muka haye mu uku. Na ɗaure mayafi a gora, Gwaggo ta riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya. Iska ta cika shi. Ƙasusuwan kifin nan da na shafe da mai suka fara juyawa.

Ya ku masu sauraro, na hau doki, na hau raƙumi, ban taɓa hawa abin da ya yi gudun amalanken nan ba. Muka hau tudu kamar ana janmu. Baba yana busa ƙaho a kunnena, Gwaggo tana kiran sunayen iyayenta da kakanninta, ruwa yana ruri a bayanmu. Muka keta filin gaiwa, duk sun farka da jin danshi, suna kai mana cafka suna cizon iska. Muka shige haƙarƙarin kifin nan muka fita kafin in rufe baki. Itatuwan gishiri suna narkewa a bayanmu ɗaya bayan ɗaya.

Gari ya bayyana. Mutane sun ji ƙaho, kowa ya haye jirginsa yana leƙe. Sawun da muke bi kuwa ya nufi inda ya faro, wato gaban jirgin Gwaggo, inda ramin nan yake a buɗe da katakonsa a jingine.

Gwaggo ta yi ihu, "'Yar nan, tsayar da shi!"

Na ce, "Gwaggo, har yanzu ban sa masa ba!"

Muka yi tsalle muka zube a rairayi. Amalanke ya haye katakon nan, gora ta karye, ya afka cikin ramin da wata irin ƙara da ta girgiza jirgin. Ya cushe. Rabinsa a ciki, rabinsa a waje, ƙafafun baya suna juyawa a iska.

Muka hau tsani muna rarrafe, muka sauka cikin jirgi. Haske yana shigowa ta gefe da gefen amalanken, ta sama da ta ƙasa. Ba guduma, ba ƙusa, ba awo. Na yaga katifar Gwaggo na cusa audugar da yatsu. Baba ya tuɓe rawaninsa ya cusa. Gwaggo ta jawo tukunyar kwalta tana yaɓawa da muciya, tana kuka tana ce wa jirgin, "Tashi, ɗan albarka, kada ka kai ni wurin awaki." Aiki mafi muni ke nan da na taɓa yi tun da aka haife ni, kuma shi ne mafi sauri.

Ruwa ya iso. Ya daki jirgin, muka zube kan juna. Ya fara tsartuwa ta ko'ina, ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Muna kwarfa da ƙwarya, ni ina toshe wani wuri da diddige, wani da gwiwar hannu. Sai katakon ya sha ruwa ya fara kumbura. Tsartuwa ta koma ɗiga, ɗiga ta koma danshi. Jirgin ya yi wani dogon nishi, ya karkata hagu, ya yi tunani, sa'an nan ya rabu da ƙasa.

Muka fito sama jiƙe sharkaf. Garin duka yana lilo a kan ruwa, ana ta guɗa. Namu jirgin yana tafe a karkace, da gindin amalanke ja da shuɗi a haƙarƙarinsa. Ƙanen mijin Gwaggo ya matso da nasa jirgin, awaki suna leƙe ta bayansa, ya tsaya yana kallo.

Gwaggo ta gyara ɗaurin ƙirji, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Sabon salo ne! Daga ƙasar waje na ɗauko gwana ta yi mini. Ba kowa ke da halinsa ba!"

Da hankali ya kwanta, yunwa ta taso. Baba Jatau ya kamo kifi, Gwaggo ta hura wuta, ta miƙo mini hannu ba ta ko waiwayo ba.

"'Yar nan, ba ni wuƙa."

Na sauka na tsaya gaban amalanken. Aljihunansa a gefe na yi su, gefen kuwa yanzu yana cikin jikin jirgi, katako ya kumbura ya riƙe shi gam, kwalta ta bi ta shafe. Duk wanda ya zuƙo aljihu ɗaya ya zuƙo teku. Na kara kunne na ji ko motsi ba sa yi a ciki, kowane yana kwance a makwancinsa. Na hau sama.

Ta ce, "Ina wuƙar?"

Na ce, "Tana nan lafiya, Gwaggo. Na san daidai inda take."

Da hannu muka yagi kifin nan, muka nufi hayi a karkace. Iyakar abin da ya same ni ke nan a Gaɓar Jira. Wanda ya ji ya yi dariya, halal ne a gare shi, ni ma da na bushe na yi. Tsarki ya tabbata ga Mai tafiyar da ruwa da Mai dawo da shi.